Ta Mutane Ce, In Ji Hajjo

Litinin, 7 ga Maris 1977, bayan la'asar

Metir Mabika, lauyan da muka ɗauka, shi ya ce in sayi littafi in riƙa rubuta duk abin da ya faru da ranarsa, don kada in rikice gaban alƙali. To na saya, irin na 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko. Rabona da dogon rubutu tun ina aji a garinmu Tasawa, hannun nan sitiyarin kamiyo, babbar motar kaya, ya sani.

Ga abin da ya faru. Ran Alhamis wata jarida ta garin nan da muke zaman baƙunci, wadda ba zan ɓata littafina da sunanta ba, ta buga hoton matata Hajjo a shafin farko. Tana zaune a rumfarta ta kasuwar Mont-Bouët bayan tukunyar shinkafa da wake, ta rufe baki da gefen gyale tana dariya, yarinyar kuma na tsugune tana wanke kwanoni. A ƙarƙashi suka rubuta wai ga baƙuwar da ke sayen 'ya'yan mutane tana sa su bauta, wai akwai wasu ma da ta ɓoye a gidanmu na unguwar Lalala. Gidan da ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano.

Ran Asabar 'yan sanda suka zo da wata mata daga ofishin kula da yara. Sun ɗaga katifa, sun leƙa har cikin duron ruwa, ba su ga kowa ba. Suka tafi da yarinyar.

Hajjo ba ta yi kuka gabansu ba. Ta miƙa wa matar takalman yarinyar, ta koma ɗaki.

Talata, 8 ga Maris, da hantsi

Ruwa tun asuba. Na kai yashi wurin ginin otel a Cocotiers, ban san yadda na kai ba.

Laraba, 9 ga Maris, bayan azahar

Mun je ofishin Metir, ni da Hajjo da Baba Alhaji Souleymane, dattijon mutanenmu a nan, wanda ya sauke ni lokacin da na zo garin nan ba ni da ko tabarma. Kaltoumi ma ta biyo mu, maƙwabciyar Hajjo a kasuwa, mutuniyar Garwa, ita ke jin Faransanci cikinsu.

Metir ya ce a faɗa masa gaskiya tsakani da Allah, me Hajjo ta ce wa ɗan jaridar. Kaltoumi ta fashe da kuka, don ita ta yi tafinta ran nan. Ta ce mutumin ya zo da na'urar hoto a wuya, ya ci abinci, ya yaba, sannan ya nuna yarinyar ya ce ta wa ce. A lokacin Baba Alhaji yana zaune kan bencin rumfar yana cin nasa. Hajjo ta rufe baki ta ce, ta mutane ce. Ɗan jaridar ya ce yaya sunanta, ta ce ya tambayi wani. Ya juya ga yarinyar ya ce ina uwarki, ta ce tana Tasawa. Kaltoumi ta juya masa duka yadda aka faɗa, ko a ranta ba ta kawo komai ba, don su ma a wajensu haka ake yi.

Metir ya ajiye alƙalami ya dube ni. Na yi ta fama in gane da shi. Na ce yarinyar ita ce ta farin Hajjo, kuma a wajenmu mace ba ta nuna ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta cewa nata ne, balle gaban babba. Kunya ce, ba ƙi ba ne. Ga shi kuma sunan tsohuwata aka sa mata, to ni ma bakina bai iya ɗaukarsa, Uwani kowa ke ce mata. Tun da aka yaye ta tsohuwa ta ɗauke ta, ita ta raine ta a Tasawa, ita take kira Inna. Hajjo kuwa Yaya take ce mata, ni kuma Mai mota. Bayan Sallar layya muka ɗauko ta, saboda idon tsohuwa ya soma tafiya.

Ya ce ina takardar haihuwa. Na ce a ɗakin tsohuwa aka haife ta, wace takarda. Ya ce to mene ne sunanta na gaskiya. Ni da Hajjo muka dubi Baba Alhaji, sai shi ya faɗa masa.

Abin da ya ce a ƙarshe shi ne, ofishin yara ba zai sake ta ba muddin maganar jarida na tsaye ba wanda ya ƙaryata. In kotu ta ce ƙazafi ne, ba su da sauran hujjar riƙe ta. Saboda haka ƙara za mu kai, da sunan Hajjo, tunda ita aka ɓata.

Alhamis, 10 ga Maris, bayan magariba

Baba Alhaji ba ya son ƙarar. Ya tsare ni ƙofar masallaci ya ce Hamidou, baƙo ba ya kai mai gari ƙara, ga babban taron shugabannin ƙasashe ana shiri, gari ana share shi, duk wanda ya ɗaga kai a ga kansa. Ya ce a bi ta ƙasa, a roƙi mutane, a yi haƙuri.

Na ce masa Baba, haƙurin nan da shi za a dawo mana da ita? Ban taɓa mayar masa da magana ba sai yau. Raina a ɓace yake har yanzu, rabi da shi, rabi da kaina.

Asabar, 12 ga Maris, da yamma

Hajjo ta fita kasuwa yau, karon farko. Leburorin da ke layi gaban tukunyarta kullum, su da suka ci bashin cikinsu wajenta ba iyaka, yau sun wuce kamar ba su san ta ba. Wata mata ta tsaya ta buɗe jaridar gaban fuskarta, ta tofa yawu cikin miya. Kaltoumi ta so ta kama ta da kokawa, Hajjo ta riƙe ta.

Ta dawo da tukunyar cike. Mun ba maƙwabta, wasu sun karɓa.

Lahadi, 13 ga Maris, bayan la'asar

An bar mu mun gan ta. Gidan marayu ne na 'yan mishan, can bayan gari, da tsabta, ba zan yi musu ƙarya ba. Sun kwance mata kitson da Hajjo ta yi mata, sun aske kan, wai ƙa'ida ce. Sun sa mata wata riga mai shuɗi da ta fi ta girma.

Ta rugo ta riƙe ƙafata tana cewa Mai mota, yau za mu tafi? Na ce an kusa. Hajjo ta tsaya nesa kaɗan, don akwai mutane a ɗakin. Ta kwana tana haɗa mata dambun zogale, amma ba ta ba ta hannu da hannu ba, sai ta miƙa wa sista ta ce a ba yarinyar nan. Ta dubi yarinyar sau ɗaya ta ce, ke, kina cin abinci? Shi ke nan.

Na ga sistar tana kallonsu, na ga ta rubuta wani abu.

A taksi Hajjo ta juya fuska ga taga tun daga can har Lalala. Gyalenta ya jiƙe sharkaf, kuma ba ruwan sama ba ne.

Laraba, 16 ga Maris, da safe

An shigar da ƙara. Na aika waya Tasawa a nemo shaidar mai gari a rubuce. Wa zai karanta wa tsohuwa, oho.

Juma'a, 18 ga Maris, bayan masallaci

Garin nan ya haukace da gini. Kuɗin man fetur ya zo, kowa na haƙa, kowa na zuba siminti, dare da rana. Patron, mai kamiyon, ya ce in ƙara sawu zai ƙara mini kuɗi. Na ce to. Gara in kasance cikin kamiyo da in zauna a ɗakin nan ina kallon 'yar tabarmarta a naɗe a lungu.

A masallaci mutane suna gaishe ni da sauri-sauri. Ba wanda ya yarda da jaridar cikinmu, kowa ya san gaskiya. Tsoro suke kada a gan su da ni.

Talata, 22 ga Maris, bayan la'asar

Metir ya ce shari'ar duka a bakin Hajjo take. Ni an tambaye ni a wurin 'yan sanda ko ni ne uban, na ce eh, suka ce ai miji dole ya rufa wa matarsa asiri. Ita ce ta ce ta mutane ce, ita za ta tsaya gaban alƙali ta ce ita ta haife ta, ta kuma faɗi sunanta cikakke da bakinta. Ya ce mu je gida mu yi ta gwadawa.

Mun gwada. Na zauna bakin gado na zama alƙali, na ce Hajjo, yarinyar nan ta wa ce. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zane. Na sake. Ta ce Malam, ai ka sani. Na ce ni na sani, alƙali bai sani ba. Ta buɗe baki, wallahi maganar ta ƙi fita.

Sai na yi mata tsawa. Na ce kunyar banza da wofi, ita ta kai mu nan. Na faɗi wasu maganganun da ba zan sa a nan ba. Ta tashi ta ɗauki buta ta fita.

Laraba, 23 ga Maris, da asuba

Ba ta ci abinci ba. Ni ma haka.

Lahadi, 27 ga Maris, da yamma

Mun je. Ta koyi cewa mersi, wato na gode, ta koyi wata waƙa ta su. Ba ta tambaya ko yau za mu tafi ba.

Hajjo ta rame, zoben hannunta har juyawa yake. Bayan yarinyar an yi haihuwa biyu, ba su zauna ba. Ba ma maganar wannan.

Alhamis, 31 ga Maris, bayan azahar

Na je ofishin jaridar ni kaɗai, ban gaya wa Metir ba. Na ce ko in na ga mutumin ido da ido zai ji tausayi. Sun bar ni a benci har ƙafata ta yi tsami. Da ya fito, yaro ne ƙarami, da taye a wuya, ko gemu bai tsayar ba. Na yi masa bayani da ɗan Faransancina na tasha. Ya saurara, ya ɗaga kafaɗa ya ce shi abin da ya ji ya rubuta. Na ce sayen yara fa, wa ya gaya maka? Ɓoyayyun yaran Lalala fa? Ya ce majiya ce, ba ya faɗa. Ko a jikinsa.

Na fito. Allah ya isa tsakanina da shi.

Litinin, 4 ga Afrilu, da hantsi

Ba amsa daga Tasawa. Ruwa. An sa ranar Alhamis.

Alhamis, 7 ga Afrilu, bayan la'asar

Ban san ta inda zan fara ba.

Mutanenmu sun zo, abin da ban zata ba. Baba Alhaji ya tattaro dattawa, sun sha manyan riguna, suka cika bencin gaba don alƙali ya ga muna da mutane. Da na gan su na ji daɗi har idona ya kawo ruwa. Ban yi tunanin abin da hakan zai yi wa Hajjo ba. Ba wanda ya yi.

Aka kira ta. Ta tsaya, ga alƙalai a sama, ga tafinta wani Bahaushen Kamaru a gefe, ga dattawan nan a gabanta kamar ranar ɗaurin aure. Metir ya tambaye ta a hankali, yarinyar da ke hoton nan, ta wa ce? Ta dubi bencin gaba, ta ja gyale ta rufe rabin fuska. Aka jira. Can ta ce, Allah ne ya ba mu ita. Tafinta ya juya. Alƙali ya ce ba abin da aka tambaya ke nan ba. Ta ce ai kowa ya sani.

Lauyan jaridar ya miƙe yana murmushi. Ya ce tambaya ɗaya ce gare shi, Madam ta faɗi sunan yarinyar. Hajjo ta ce Uwani. Ya ɗaga takardar Metir ya ce a nan wani suna ne dabam, wanne ne? Ta ƙara jan gyale a fuska. Ya juya ga alƙalai ya buɗe hannuwa, ya ce a duniya ina aka taɓa ganin uwar da ba ta san sunan ɗiyarta ba. Ya kuma karanta abin da sista ta rubuta, wai matar ba ta taɓa rungumar yarinyar ba ko sau ɗaya. Mutanen baya suka yi dariya.

Metir ya yi bayanin al'adarmu iyakar ƙoƙarinsa. Alƙalin tsakiya ya ce shi ba al'ada yake shari'a ba. An ɗage zuwa sati biyu, kuma ya ce a zo da yarinyar.

A waje Metir bai ɓoye mini ba, ya ce in aka sake haka mun faɗi.

Juma'a, 8 ga Afrilu, da safe

Ban fita aiki ba. Hajjo na kwance, fuska ga bango.

Asabar, 9 ga Afrilu, bayan magariba

Baba Alhaji ya zo gida. Bai taɓa shigowa ba, iyakarsa ƙofa. Ya zauna kan turmi a rumfa, ya sa aka kira Hajjo, ta durƙusa can nesa.

Ya ce, "Hajjo, mu muka ɗaure miki baki, a kasuwa ni, a kotu mu duka. Kin yi abin da uwarki ta koya miki, ba ki yi laifi ba. To yau ni na ɗauke miki. Ran zaman nan ba za ki ga ko ɗayanmu ba. Ki faɗa da ƙarfi."

Hajjo ta kifa kai a gwiwa ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka tafi da ita. Tsohon ya tashi ya fita da sauri, har ya manta takalminsa ɗaya, sai da na bi shi da shi.

Laraba, 13 ga Afrilu, bayan azahar

Na dawo cin abinci na ji murya bayan ɗaki, wajen igiyar shanya. Hajjo ce ita kaɗai, tana shanya tana faɗa ƙasa-ƙasa, tana maimaitawa. Na ji sunan. Na koma da baya a hankali, na ci burodi a hanya.

Lahadi, 17 ga Afrilu, da yamma

An hana mu ganinta, wai kada mu koya mata abin da za ta faɗa.

Alhamis, 21 ga Afrilu, bayan la'asar

Bencin gaba fayau, Baba Alhaji ya cika alkawari. Kaltoumi kaɗai ta zo. Yarinyar na gefe tare da sista, cikin shuɗiyar rigar nan, gashin ya soma tohowa.

Metir bai gama tambaya ba Hajjo ta sauke gyalen daga fuskarta. Ta ce, "Ɗiyata ce. Ni na haife ta, a ɗakin uwar mijina, ran wata Laraba da damina. Ni na ba ta nono." Sannan ta faɗi sunan, da na ubanta, da ƙarfi har tafinta ya ja baya. Ni kaina sai da na sunkuyar da kai. Ta ce ba ta taɓa sayen ɗan kowa ba, wanda ya rubuta haka ya zo ya nuna wanda ya sayar mata. Lauyan jaridar bai yi murmushi ba yau.

Na ce a raina shi ke nan, mun fita.

Sai alƙali ya sa aka kawo yarinyar gabansa. Ya yi mata magana da taushi, ba zan zalunce shi ba. Ya nuna Hajjo ya ce wace ce wannan. Ta ce Yaya Hajjo ce. Ya ce ina uwarki. Ta daɗe tana kallon Hajjo, irin kallon da ban taɓa gani a fuskar yaro ba. Sannan ta ce, Inna tana Tasawa. Gaskiyarta ta faɗa, abin da muka koya mata ke nan tun tana rarrafe.

Hukunci sati mai zuwa.

Lahadi, 24 ga Afrilu, da hantsi

Ruwa. Rufin ya soma yoyo daidai kan tabarmarta, na matsar da ita.

Alhamis, 28 ga Afrilu, bayan azahar

Mun ci shari'a.

Haka Metir ya ce, yana ta girgiza mini hannu. Kotu ta ce maganar sayen yara da ɓoye su ƙazafi ne, ba hujja. Jarida za ta buga gyara, za ta kuma biya Hajjo diyyar mutuncinta kuɗi faran guda tak, wai haka ake yi a shari'arsu don a nuna wa ke da gaskiya. Ko ashana ba ya saye. Ban damu ba, na ce yaushe za mu je mu ɗauko ta.

Nan ya saki hannuna. Ya ce kotu ta wanke Hajjo daga saye, amma ba ta ce ita ce uwar ba, don ba wannan aka kawo gabanta ba. Maganar yarinya tana hannun ofishin yara, gobe zai je.

Na ce ba kai ka ce in mun ci za su sake ta ba? Ya ce haka ya zata.

Juma'a, 29 ga Afrilu, bayan masallaci

Ofishin yara sun yanke. Yarinya ba takarda, ta kuma faɗa gaban alƙali cewa uwarta na Tasawa, saboda haka za a mayar da ita ga uwarta ta hannun ofishin jakadancinmu. Na ce tsohuwar nan ko ƙofar ɗakinta ba ta gani sosai. Matar ta ce in kawo takarda. Na je ofishin jakadanci, sun san al'adar sarai, wani ma ya ce shi kansa ɗan fari ne, har yau uwarsa ba ta kiran sunansa. Amma ya ce hannunsu a ɗaure yake, ba lokacin jayayya da masu gari ba ne, mu bi ta gida mu yi takardu a can, in Allah ya so a dawo da ita. In Allah ya so.

Hajjo ta ce to ita ma ta tafi. Ban hana ba.

Alhamis, 5 ga Mayu, da yamma

Gyaran ya fito. Na sayi jaridar, na duba shafin farko, babu. Na yi ta buɗawa har shafin ƙarshe, can ƙasa, tsakanin tallar silima da lokutan jirgin ruwa. Babban yatsana ya rufe shi duka. Ba hoto.

Na yanke shi na zaga Mont-Bouët ina nuna wa mutane kamar mahaukaci. Wasu sun ce madalla. Wani lebura ya ce wace jarida, ai shi har ya manta. Wata ta ce in ba ta yi ba me ya sa ba a ba ta yarinyar ba.

Rumfar Hajjo wani mai gasa kifi ya shiga.

Asabar, 7 ga Mayu, bayan azahar

Shaidar mai gari ta iso yau daga Tasawa, da hatimi da komai. Na ruga da ita. Ofis a rufe, sai Litinin, kuma an riga an yanki tikiti. Metir ya ce zai gwada. Daga muryarsa na gane.

Talata, 10 ga Mayu, bayan la'asar

Sun ce takardar mai gari ba ta gwamnati ba ce.

Sun tashi yau. Yarinyar tare da wani ma'aikacin jakadanci, Hajjo a jirgi ɗaya amma kujera dabam, Baba Alhaji da jama'a suka haɗa mata na tafiya.

A filin jirgi an bar mu da ita ɗan lokaci. An mayar mata da kayanta, zanen ya yi mata gajere. Hajjo ta durƙusa gaban mutane, gaban Baba Alhaji, gaban kowa, ta jawo ta jikinta ta kira ta da sunan nan. Yarinyar ta tsaya ƙiƙam, hannuwa a sake. Da Hajjo ta sassauta, sai ta ce:

"Yaya, da gaske ke kika haife ni?"

Hajjo ta ce da gaske.

Ta ce, "To me ya sa kika ce ni ta mutane ce?"

Baba Alhaji ya juya baya. Ma'aikacin ya ce lokaci ya yi, ya kama hannunta. Ta waiwayo sau ɗaya ta ce Mai mota, sai wata rana.

Laraba, 11 ga Mayu, da hantsi

Ban fita ba. Kamiyo na ƙofa da yashin jiya.

Metir ya aiko a ce in zo in karɓi faran ɗin, kuma littafin nan ba a bukatarsa yanzu. Na zauna na karanta shi daga farko. Na yi wa Hajjo tsawa a kan abin da ta kasa faɗa, ta je ta faɗa gaban alƙalai da arna da Musulmi. Ni kuwa eh kawai na taɓa cewa. Littafin nan ba mai ganinsa, ba Baba Alhaji a ciki, ba alƙali, amma daga bango zuwa bango yarinyar, yarinyar nake rubutawa.

Inna, ki gafarce ni.

Sunanta Rabi'a. Rabi'a Hamidou. Ɗiyata ce.